Busasshiyar Kuɓewa da Tsohon Faifai

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙasar Birnin Gwari, aikin shanya ya kankama. Daga Kazage zuwa Damari, gidan da duk ka leƙa za ka tarar an yayyanka kuɓewa an baza a kan buhu, ga barkono ja-wur a bisa rufin ɗaki, ga ganyen kuka can a inuwa don kada rana ta ƙone masa launi. Matan gida sun san abin da ke tafe. Bazara za ta zo, ɗanyen kaya ya yi tsada, hanyar kasuwa kuma a wannan yanki ba kullum take biyuwa ba. Abin da aka shanya da kaka shi zai riƙe tukunya.

Waƙar da aka ɗauka a faifai, ko kaset, ko memorin waya, irin wannan shanyar ce. Makaɗi ya yi wasansa a ranarsa, a gaban mutanen da ya yi dominsu, da ƙura da guɗa da masu yi masa kari. Ranar ta wuce ba ta dawowa. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, amma har gobe direban da ya ɗauko buhunan masara ya nufi Funtuwa da muryoyinsu yake cin hanya. A 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, an ga bambancin mai ajiya da mai dogaro da kasuwa. Wanda ya saba jin waƙa a intanet ya zauna tsit. Wanda ya taɓa biyan ɗan kuɗinsa a shagon cajin waya aka cika masa memori, shi ya ci gaba da shan kiɗansa.

Shanya tana rage wani abu, wannan ba a musu. Faifan garmaho na da minti uku yake ɗauka a fuska guda, ko ya ɗan haura, alhali mawaƙi irin Shata in ya samu fili waƙa ɗaya sai ta kai inda ta kai. Abin da ya iso mana na Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, yana tafe da shuu da ƙarar tsohuwar na'ura, kotson ma wani lokaci da ƙyar kake tsinto shi. Amma wanda ya san miya ba zai ce busasshiyar kuɓewa ɗanya ce da ta lalace ba. Miya ce mai zaman kanta, akwai ma masu fifita ta. A filin wasa sau ɗaya baiti zai wuce ka. A kaset kana iya mai da shi baya, yau ka bi muryar ubangidan, gobe ka bi 'yan amshi, jibi ka ƙyale kowa ka kasa kunne ga ɗan kuntukurun da ke can ƙasa yana riƙe da tafiyar kalangai.

Inda nake da ja da mutane shi ne wajen girki. Babu mai hankalin da zai damƙi garin kuɓewa ya watsa a baki, ya yamutsa fuska, ya ce ai wannan abu ba daɗi. Sai an ɗora ruwa, an sa daddawa, an bari ya tafasa, an kaɗa da maburgi. Amma haka muke yi wa baƙon kiɗa. Ka kunna wa saurayi wani tsohon faifan Amurka, kafin ka kai hannu aljihu ya riga ya yanke hukunci: "Kawu, wannan ai hayaniya ce, a sa mana wata." Shi ma kawun in aka sa masa ta 'yan zamani haka zai ce: "Kai yaro, kashe mana wannan shirmen." Dukansu gari suka ɗanɗana.

Cikin kaɗe-kaɗen waje, buluz ne ba ya bukatar doguwar jiƙa a kunnen Bahaushe. Kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka ne, jikokin bayi masu noman auduga a yankin kogin Misisifi. Ka nemi Robert Johnson. Waƙa 29 kacal aka ɗauka tasa, a jihar Teksas, a 1936 da 1937, ya mutu a 1938 yana da shekara 27. Mutum ɗaya ne da jita ɗaya. Zai faɗi magana, ya maimaita ta, sannan ya kawo ta uku wadda za ta warware ta, tsirkiya kuma tana ba shi amsa kamar da baki. Ko kalma ɗaya ba ka ji ba, za ka gane mutum ne ke kai kukansa. To ka ajiye shi, ka sa Ɗan Maraya da kuntiginsa, gwangwanin kifi da fatar akuya da tsirkiya ɗaya, ko Haruna Uji da gurminsa. Yadda murya ke lanƙwasa, ta hau ta gangaro a kan gaɓa guda, za ka ji dangantaka. Wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 inda ya nuna cewa jijiyar wannan salo ta fi ƙarfi a yankinmu na sarari, daga Mali har ƙasar Hausa da arewacin Kamaru, ƙasar goge da molo, ba a gaɓar teku mai manyan ganguna ba. Ali Farka Touré na Mali ya daɗe yana faɗin makamancin haka tun kafin ya rasu a 2006. Irin namu ne aka tafi da shi, ya tsira a wata ƙasa.

Jaz kuwa sai an sa masa itace mai kauri. Da farko za ka ji kamar kowa nasa yake yi, babu mai sauraron wani. Dabarar ita ce ka kama babban gogen nan da ake taɓawa da yatsa, mai murya can ƙasa, ka riƙe shi kada ka saki. A kansa za a fara gabatar da karin waƙar, sannan masu busa su fita ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙirƙiri nasa nan take, ya yi nisa har ka ce ya ɓace, sai ga shi ya dawo daidai inda ake jiransa. Wanda ya san yadda amshin Shata yake tsayawa cik a wuri ɗaya, shi kuma yana zuba sabbin baitoci a kai gwargwadon wanda ya gani a fili, ya riga ya san rabin karatun. Faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue, na 1959, nan ya kamata a fara, don ba ya gaggawa. Mutanen jaz ɗin ma sun san hanyar garuruwanmu. Louis Armstrong ya zo Kaduna a 1960 ya gana da Sardauna. Yusef Lateef, mai busa saksafon, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello, abin da ya fi jan hankalinsa kuwa sarewar Fulani ce, irin wadda makiyayi ke busawa a bayan shanu.

Rok barkono ne, nan take yake bayyana kansa, ba sai an yi dogon bayani ba. Wanda ke ganin kayan Turawa ne zalla ya saurari Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar, bahago a kan jita. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya a cikin Sahara har suka faɗa kunnen masu harkar faifai a Amurka. Yau ana kwatanta shi da gwanin jitar rok Jimi Hendrix.

Wanda waya ta fi zalunta shi ne kiɗan gargajiyar Turai, irin na su Beethoven. Gwaninta ta tara cikin manyan kaɗe-kaɗensa, wadda aka fara yi a birnin Viyana a 1824 bayan kunnensa ya riga ya mutu, ta haura awa guda, kuma makaɗa da mawaƙa ne jingim ke yin ta. Tana farawa ƙasa-ƙasa kamar raɗa, can kuma ta barke. A ɗan lasifikan waya raɗar ba ta fita, barkewar kuma ta zama ƙara. Haka tambari da kakaki suke komawa in aka ɗauko hawan Sallah da waya: abin da ke girgiza ƙirji a ƙofar fada sai ya dawo kamar ana buga langa. A nan ba laifin kunne ba ne, tukunyar ce ta yi kaɗan. A nemi abin sawa a kunne, a bari sai dare ya raba. Ni dai har yanzu tsakiyarta tana yi mini tsawo, kuma ban ga abin kunya a faɗin haka ba.

Abu ɗaya ne ke ba ni haushi duk lokacin da na ɗauki faifan waje. A jikin Kind of Blue an rubuta kowa: John Coltrane da Cannonball Adderley a busa, Bill Evans da Wynton Kelly a piyano, Paul Chambers a babban goge, Jimmy Cobb a ganguna. An san ranakun da aka ɗauka, 2 ga Maris da 22 ga Afrilu, a birnin New York. Namu kuwa daga faifai aka juye a kaset, daga kaset aka juye a wani kaset, daga nan a kwamfutar mai shago, kowane juyi yana cin nasa rabon. Waƙar Sa'idu Faru sai ta zo maka da sunan Ɗanƙwairo, wata an gutsure kanta, wata an datse ta ana tsakiyar baiti. Ka buɗe memori ka ga an rubuta "Shata 14". Wa ke riƙe da kalangu a ranar, a wane gari, a bikin wa, wace shekara? Tsofaffin ma'aikatan Rediyon Kaduna, wanda ke watsa waɗannan muryoyi tun 1962, da 'ya'yan makaɗan da sauran 'yan amshin da ke raye, su ne masu amsar, kuma kullum raguwa suke yi.