Rigar Zare Ga Siririn Ginshiƙi: Ina Take Magani, Ina Take Kasawa?

Duk wanda ya zaga Garo, ko ya leƙa Kabo da Gwarzo, ya san irin ginshiƙin da nake nufi. Bulo ne mai inci tara, ɗaya bisa ɗaya, har ya kusa tsayin mutum biyu, sannan aka aza masa rufin barandar masallaci, ko rumfar shago, ko tankin ruwa. Tanki mai lita 1,000 in ya cika tan guda ne cur, ban da kankaren da ya zauna a kai. Magini zai ce maka, "Alhaji, wannan fila ko giwa ta hau ba abin da zai same ta." Ni dai ba na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta.

Gajeren ginshiƙi mai kauri, in kaya ya fi ƙarfinsa, kumbura yake ta gefe, ya tsattsage, ya farfashe. Dogo siriri ba ya jira a kai nan. Ciki yake yi, ya lanƙwashe kamar karan dawa da aka danna daga sama. Tun 1744 masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar: ninka tsayi biyu ba tare da ƙara kauri ba, sai nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na bulo ya fi shiga uku, domin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo ba ya jure ja. Nauyi na ɗan kaucewa daga tsakiya, layin sai ya buɗe baki ta gefe ɗaya.

To, injiniyoyi suna da wata dabara ta ceto ginshiƙi ba tare da an rushe shi ba. Ana samun ƙyalle na zaren kabon ko zaren gilashi, a jiƙa shi da danƙon ifoksi, a naɗe ginshiƙin tamau. In ya bushe sai ya zama riga mai tauri, kaurinta bai wuce 'yan milimita ba, amma ta fi ƙarfe jure ja idan aka gwada su nauyi da nauyi. Aikinta shi ne hana kumburi, kamar yadda buhu ke riƙe gero har a jera wasu buhunan a kansa. Japan ta naɗe ginshiƙan gadoji da ita bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995. Italiya, mai tarin tsoffin gine-ginen dutse da jan bulo, ta fitar da kundin ƙa'idojin aikin a 2004.

Sai dai kumburi rigar ke magani, shi kuwa siriri ciwonsa lanƙwasa ne. Zaren da ya zagaye ƙugu ba ya hana baya doro, saboda haka gwargwadon sirantar ginshiƙi, gwargwadon raguwar amfanin naɗin. Maɗori ya daɗe da sanin wannan. In zai ɗora karaya, sai ya jera karare a tsaye bisa tsawon ƙashin tukuna, sannan ya ɗaure su a kewaye. Haka siririn ginshiƙi ke so: zare a tsaye daga gindi zuwa kai, a kafe bakinsa da kyau, sannan naɗi ya biyo baya.

Akwai kuma wasu sharuɗɗa da ke yi mana cikas a nan. Rigar ta fi kama ginshiƙi mai da'ira. Mai kusurwa huɗu sai an goge kaifinsa, in ba haka ba ya yanke zaren. Bulonmu kuma holoƙo ne. Ka matse shi daga waje, ciki zai rufta, don haka sai an cika ramukan da kankare. Danƙon kansa yana fara laushi in zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 80, ga shi ranar Afrilu a Kano ba ta wasa da bangon da ke fili. Dole a yi masa filasta.

Ginin ƙasa labarinsa daban. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani tun wajen shekarun 1830, ya rufta kan masallata ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, bayan an riga an ga tsaga a jikinsa. Wani zai ce da an naɗe shi. Amma ifoksi ba ya barin bango ya yi numfashi. Danshi ya taru a ciki, tubali ya jiƙe, ba mai gani. Abin da ya fi dacewa da irin wannan gini shi ne ragar zare da aka binne cikin shafe mai fitar da laima. A ƙasar Peru, bayan girgizar 2007, da ragar roba aka ɗaure gidajen tubali.

Hukuncina shi ne, a Garo yawancin filolin nan ba su kai ga zaren kabon da ake shigowa da shi da dala ba. A cika bulo da kankare da rodi, a ƙara kauri, ko a haɗa ginshiƙai da bim a tsakiya don a gajarta tsayin da ke lilo. Kwamitocin masallatai da masu shaguna, in kun ga fila ta yi ciki ko layin bulo ya buɗe, ku sauke kayan da ke kanta, ku tokare rufin, ku nemo injiniya mai rajistar COREN kafin damina ta sauka.