Kafin A Ɗora Wa Kwail Laifi

Wanda ya taɓa tura babur daga Dabai zuwa cikin garin Zuru da damina ya san abin da nake nufi. Ka yi ta buga kik har ƙafa ta yi tsami, inji ya yi tari sau biyu ya yi gum. Da ka isa wurin mai gyara, kafin ya durƙusa ma ya yanke hukunci: "Oga, ba wuta, kwail ne." Sau da yawa kuwa kwail lafiyarsa lau, wayoyinsa ne suka ci amana.

A cikin kwail naɗi biyu ne na wayar jan ƙarfe, ɗaya mai kauri, ɗaya siriri mai dubban zagaye. Shi ke ɗaga 'yar ƙaramar wuta ta haura volt 10,000, har ta iya tsallake tazarar bakin fulogi, wadda ba ta kai milimita 1 ba. Honda CG125 na farko-farko, na shekarun 1970, da kontak da kondensa suke ba shi wuta. Jincheng da Bajaj Boxer da suka cika hanyoyin Ribah da Mahuta kuwa da ɗan akwatin CDI suke aiki, kuma kwail ɗin mai kontak ba lallai ya yi wa mai CDI ba, ko da ramin kusoshinsu ya zo ɗaya.

A tsarin Honda, wanda baburan Sin da dama suka kwaikwaya, koriyar waya ita ake ɗaurewa a jikin ƙarfen babur. Baƙa mai ratsin rawaya ita ke tasowa daga CDI zuwa kwail, baƙa mai ratsin fari kuma ta makulli ce, mai kashe inji. A Yamaha, mai ruwan lemo ce ke zuwa kwail. Sai dai babur ɗin da ya ratsa hannu biyar ba a yarda da launin wayarsa. Na taɓa buɗe nawa na tarar da guntuwar wayar rediyo an murɗa ta da hannu, an naɗe da baƙar leda, ruwa ya kwanta a ciki har jan ƙarfen ya yi kore. A lokacin kwail biyu na riga na saya a banza.

Don haka a fara kwance kusar da ke riƙe da koriyar waya, a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam. A duba hular fulogi ko ta tsage. Duk mahaɗa a like ta da dalma, a naɗe da salatif na wuta. Kada a kuskura a jona wayar batir kai tsaye a kwail na CDI don gwaji, ƙonewa zai yi. CDI ma iri biyu ne, mai shan wuta daga maganeto da mai sha daga batir, kuma musanya su kan kashe akwatin, don haka a tafi shago da tsohon a hannu.

Gwajin wuta shi ya fi ba ni tsoro. Yaron mai gyara zai cire fulogi ya manna shi a jikin inji ya buga kik, alhali tiyon mai na ɗiga a gefe, galan na fetur kuma a buɗe kusa da ƙafarsa. A rufe mai tukuna, a goge wanda ya zuba, a janye babur daga teburin mai sayar da fetur, a riƙe hular da busasshen hannu. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas ake nema. In ja-ja ne mai rauni, a koma kan wayoyin.