3.2 Rabon Ɗalibai Tsakanin Kimiyya da Adabi da Kasuwanci a Makarantun Rano da Kibiya

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake raba ɗalibai zuwa fannonin karatu a manyan makarantun sakandare na ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da irin tasirin da wannan rabo yake yi a kan abin da ɗalibi zai karanta idan Allah ya kai shi jami'a. Darussan da za a fi mayar da hankali a kansu su ne Tarihi da Adabi da Tsimi da Tanadi da kuma darussan Kimiyya.

Tun daga 1982 da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4, yaro yakan yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana ɗaukar darussa iri ɗaya da sauran 'yan ajinsu. Da zarar ya shiga aji huɗu sai a ware shi, ko dai zuwa ajin kimiyya, ko ajin adabi, ko na kasuwanci. A ido wannan ƙaramin al'amari ne, amma a nan ake yanke wa yaro hanya. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, tana jarraba mai neman jami'a a darussa huɗu ne, kuma kowane fanni da nasa haɗin. Wanda bai yi Fizis da Kemistiri da Bayoloji ba, ba shi ba likitanci. Mai son aikin lauya ana neman sa da Adabin Ingilishi. Shi kuwa mai son Tsimi da Tanadi dole ne ya riƙe Lissafi. Ke nan yaro ɗan shekara goma sha biyar ne yake zaɓen da zai bi shi har tsufansa, sau da yawa ma ba shi ne ya zaɓa ba, sakamakon jarrabawarsa ne ya zaɓa masa.

3.2.1 Asalin Fifita Ajin Kimiyya

Fifikon da ajin kimiyya yake da shi a Jihar Kano yana da dalilinsa. A shekarun 1970 jihar ta sami kanta da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalinta, ta dogara da baƙi daga waje da kuma wasu jihohi. Don magance haka ne a 1977 gwamnati ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, wadda ba ta da nisa da wannan yanki, ɗaya a Dawakin Tofa. A 1981 aka ƙara da ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jihar Jigawa. Ana zaɓo ɗaliban ne ta hanyar jarrabawa daga sauran makarantun jihar, a tara masu hazaƙa wuri guda. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin shekaru goma na farko na wannan shiri a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988.

Babu mai musun cewa shirin ya biya buƙata, domin da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Kano daga nan suka fito. Sai dai ya bar wani tunani a zukatan iyaye da malamai, wato cewa yaro mai ƙwaƙwalwa na kimiyya ne, saura kuma a raba su a sauran azuzuwa. Sauran makarantu sai suka ɗauki wannan mizani, ba tare da sun sami kayan aikin da aka zuba wa waɗancan ba. A makarantar da mai wannan bincike ya yi karatu, an fi sanin sinadarai a allo fiye da a ɗakin gwaje-gwaje, kuma sai jarrabawar WAEC ta gabato ake fito da 'yan kayan da ake da su. Irin wannan ɗalibi an raba shi da Tarihi da Adabi, kimiyyar kuma bai same ta yadda ya kamata ba.

3.2.2 Darasin Tarihi

Abin da ya fi ba mai nazari mamaki shi ne halin da Tarihi ya shiga a ƙasar da take cike da tarihi. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma har yau kirarin sarautarta Autan Bawo. A bisa rabon ayyuka da aka gada a baka, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu rini. Kundin Tarihin Sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo labarin karon da aka yi tsakanin Sarkin Kano Yaji (1349-1385) da Sarkin Rano. Haka kuma a Burumburum, nan kusa, aka kashe Alwali, sarkin Kano na ƙarshe kafin mulkin Fulani, wajajen 1807. A ƙarni na 19 wannan yanki ya sha hare-haren Ningawa, sa'an nan a 1903 sojojin Turawa suka fasa Bebeji a kan hanyarsu ta cin Kano. Duk waɗannan wurare ne da malami zai iya kai 'yan ajinsa su dawo a yini guda.

Duk da haka, daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a duk faɗin Nijeriya, aka bar ɗan abin da ya rage a cikin Nazarin Zamantakewa. Yaron da bai taɓa haɗuwa da darasi ba, da wuya ya zaɓe shi a aji huɗu, saboda haka akasarin 'yan ajin adabi sai suka koma darasin Gwamnati, wanda ake ganin ya fi sauƙin ci. Gwamnatin Tarayya ta sanar da dawo da Tarihi a 2022, amma malamin da aka daina horarwa shekara da shekaru ba ya samuwa da sanarwa kawai.

Illar wannan giɓi ta fito fili a 2019, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, da kuma 2024 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe ta, daga baya ta dawo da ita a daraja ta biyu mai ɗauke da Rano da Bunkure da Kibiya. Kowane ɓangare da tarihi ya kafa hujja. Matasan da suka fi kowa zafi a wannan muhawara kuwa su ne waɗanda suka yi makaranta a shekarun da ba a koyar da darasin.

3.2.3 Adabi da Tsimi da Tanadi

Adabin Hausa bai sha wahala kamar Tarihi ba, domin harshen gida ne, kuma littattafai irin su Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam sun daɗe a hannun jama'a. Matsalarsa ita ce raini. Ɗalibi yakan ɗauke shi don cike gurbin kiredit biyar, kuma da dama cikin masu karanta Hausa a Jami'ar Bayero sukan faɗa da bakinsu cewa ba shi suka nema da farko ba.

Shi kuwa Tsimi da Tanadi ya fi kowane darasi dacewa da rayuwar wannan yanki, in da za a koyar da shi da misalan gida. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Baƙo, ita take tura ruwa ta Ruwan Kanya a ƙasar Rano zuwa gonakin rani na Kadawa da Bunkure da Kura. Ɗan manomin da ya ga kwandon tumatir ya faɗi warwas a lokacin kaka, ya kuma yi tsada da damina, ya riga ya san dokar buƙata da wadata tun kafin a zana masa ita a allo. A 2016 tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir a wannan yanki, farashi ya yi tashin gwauron zabo har a Legas, masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta dakatar da aiki a shekarar da aka buɗe ta. Fahimtar wannan al'amari tana buƙatar Bayoloji don sanin tsutsar, da Tsimi da Tanadi don sanin kasuwar, amma a tsarin da ake bi ɗan ajin kasuwanci ba ya zurfafawa a na farko, ɗan ajin kimiyya kuma yakan ɗauki na biyu a matsayin cikon benci. Makarantar Fasahar Karkara da Koyon Sana'o'i da ke Rano, wadda take ƙarƙashin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, ita ce babbar makaranta mafi kusa da za ta iya haɗa waɗannan fannoni biyu, kuma a kanta sashe na gaba zai yi bayani.