2.3 Dangantakar Ƙwarewar Ma'aikaci da Yanayin Wurin Aiki

A wannan sashe za a duba yadda ƙwarewa da yanayin wurin aiki ke haɗuwa wajen ƙayyade ƙwazon ma'aikacin lafiya, musamman a yankin Gazara da ke Ƙaramar Hukumar Maƙarfi, da maƙwabtanta Ikara da Kudan.

Tun bayan taron Alma-Ata na shekarar 1978 da kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa a 1992, nauyin kula da lafiyar mutanen karkara ya fi rataya a wuyan ungozoma da malaman asibiti na ƙananan cibiyoyi. Kwalejin horar da ma'aikatan lafiya ta Maƙarfi, wadda aka sa wa sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, ta daɗe tana yaye irin waɗannan ma'aikata. Bugu da ƙari, manufar da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2014 ta ba su damar karɓar haihuwa bayan ƙarin horo. Ke nan ƙwarewarsu ita ce matakin farko na ceton rai.

Sai dai ƙwarewa ita kaɗai ba ta wadatarwa. Herzberg (1959) ya nuna cewa rashin kyawun albashi da kayan aiki da kulawar shugabanni yana sanyaya gwiwar ma'aikaci. Alal misali, yawancin alluran rigakafi suna buƙatar sanyi na digiri 2 zuwa 8, haka nan allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa takan rage ƙarfi idan ta daɗe cikin zafi. Idan cibiya ba ta da wuta ko firijin mai amfani da hasken rana, ungozoma za ta yi allurar daidai, amma ba lallai ne jinin ya tsaya ba. Idan kuma babu motar da za ta kai mai jegon babban asibitin Maƙarfi ko asibitin koyarwa na Shika, musamman da damina, ana iya rasa ta.

Har ila yau, kayan aiki a hannun wanda bai iya ba, ba su da amfani. A taƙaice, horo da gyaran wurin aiki ɗanjuma ne da ɗanjummai, don haka wannan nazari zai auna su tare a babi na huɗu.