Maganin Garkuwa da Jinin Jarirai

A cikin ruwan jinin ɗan Adam akwai wasu sinadarai da jiki ke ƙerawa domin yaƙar ƙwayoyin cuta, su ne ake kira sinadaran garkuwa. Masana suna tara ruwan jinin dubban masu ba da jini, su tace waɗannan sinadarai, su haɗa maganin da ake kira imunogulobulin, wanda ake sa wa majinyaci ta jijiya kamar yadda ake ƙarin ruwa. Ana ba da shi ga jariran da shawara ta yi wa tsanani saboda jininsu da na uwa bai dace ba, da kuma ƙananan yara masu cutar Kawasaki, wadda likitan Japan Tomisaku Kawasaki ya bayyana a 1967. Amfaninsa ba ƙarami ba ne, amma yana da illa ga jinin da yake shiga.

Babbar illar ita ce fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Tun a 1901 Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. Mai rukunin O yana ɗauke da sinadaran da ke kai wa ƙwayoyin rukunin A da na B hari, kuma masu wannan rukuni su ne suka fi yawa cikin masu ba da jini. Duk yadda aka tace maganin, akan sami ragowar waɗannan sinadarai a cikinsa. Idan jaririn da aka sa wa maganin mai rukunin A ne, ko B, ko AB, sai su maƙale a jikin jajayen ƙwayoyinsa, daga nan saifa ta ɗauke su a matsayin lalatattu ta rushe su. Haɗarin yana ƙaruwa da yawan maganin, shi ya sa aka fi ganinsa a cutar Kawasaki, inda ake ba da giram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro. Abin mamaki a nan shi ne, maganin da ake ba jariri don tsayar da fashewar jininsa shi ma yana iya fasa shi.

Wannan illa ba lallai ta bayyana a ranar da aka yi ƙarin ba. Takan ɗauki kwanaki, wani lokaci har goma. Jariri kuwa ba ya faɗin inda ke masa ciwo. Alamun da za a lura da su su ne tafin hannu da cikin ido su yi fari, fitsari ya yi duhu, numfashi ya yi sauri, ko shawara ta dawo.

Maganin yana kuma sa jini ya yi kauri, wanda kan jawo gudaji a jijiya, musamman ga jaririn da ruwan jikinsa ya ragu. A 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta buga babban gargaɗi game da haka a takardar maganin. Fararen ƙwayoyin jini ma sukan ragu, sai dai yawanci suna dawowa da kansu cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka likitoci suke duba rukunin jinin jariri kafin su fara, su sa maganin a hankali, sa'an nan su sake auna jininsa bayan kwanaki. Sun kuma rage ba da shi inda ba ya da amfani: wani bincike a kan jarirai fiye da 3,000, da aka buga a 2011, ya nuna bai taimaka wa masu cutar da ta shiga jini ba.