Shirin Musamman: Baƙaƙen Ramukan da Suka Riga Shekarunsu Girma

Yau shirin namu sama zai ɗaga kai.

A tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki, wanda masana ke kira Milky Way, akwai wani abu da ido ba ya gani. Baƙin rami ake ce masa. Nauyi ne ya dunƙule wuri guda, har ƙarfin jansa ya kai ko haske in ya faɗa ciki ba ya fitowa. Reinhard Genzel na Jamus da Andrea Ghez ta Amurka sun shafe shekara fiye da 20 suna bin sawun taurarin da ke kewaya wurin, da manyan na'urorin hangen nesa a Chile da Hawaii. Wani tauraro mai suna S2 yana kammala zagayensa cikin shekara 16, kuma daga gudunsa aka auna nauyin abin da ke jansa: kwatankwacin rana miliyan 4. Aikin ya kai su ga lambar Nobel a 2020.

Gani ya kori ji. Ranar 10 ga Afrilu 2019 duniya ta ga hoton baƙin rami na farko, na gungun taurarin M87, mai nauyin rana biliyan 6.5.

To, ina suka samo wannan ƙiba?

Ƙaramin baƙin rami yana samuwa ne idan babban tauraro ya mutu ya rufta cikin kansa, nauyinsa kuwa yakan tsaya a rana goma ko ashirin. Yana girma ta hanyar haɗiyar iskar gas da ƙura, ko ta haɗewa da ɗan'uwansa. Amma cin nasa da iyaka. Iskar da ke gangarawa cikinsa takan yi zafi ta haskaka, hasken kuma ya ture sauran abincin baya. Tuwo ne mai zafi, ba a yi masa babbar loma. Masana na kiran wannan iyakar Eddington, da sunan Arthur Eddington na Ingila.

Ga inda gizo ke saƙar. A lissafin masana, sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8. Amma a 2021 aka gano wani baƙin rami mai nauyin rana biliyan 1.6, wanda haskensa ya taso tun sararin yana da shekara miliyan 670 kacal. Kamar a tarar da ɗan yaye da gemu ne. Da ƙananan lomomi, lokacin ba zai isa ba.

Masana sun rabu biyu. Wasu na cewa iri ƙarami ne daga taurarin farko, ya yi ta cin da ya wuce iyaka. Wasu kuma, irin su Priyamvada Natarajan ta Jami'ar Yale, suna cewa tun asali irin babba ne: gajimaren gas ya rufta gaba ɗaya ba tare da ya zama tauraro ba, ya haifi rami mai nauyin rana dubbai tun ranar farko.

Na'urar James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ta ƙara wa ɓangare na biyu ƙarfi. A 2023, ita da na'urar Chandra suka hango rami a gungun UHZ1, lokacin sararin yana da shekara miliyan 470. Nauyinsa ya kusa kai na dukkan taurarin gungun. A gungu na kusa da mu kuwa, ramin yakan kai kusan kashi ɗaya cikin dubu ne kawai na taurarin da ke tsakiya.

Yanzu idon masana yana kan LISA, na'urar da Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ke shirin harbawa wajen 2035, don ta ji girgizar da manyan ramuka ke yi idan sun haɗe. Daga girgizar za a auna girman irin farko.

A nan za mu dasa aya.