Ilmin Harsuna: Mabuɗin Gane Ginin Turanci

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, kukan da akan ji a majalisun Yalwawa da sauran unguwannin Dutse kusan iri ɗaya ne: yaro ya ci lissafi, ya ci Hausa, amma Turanci ya kayar da shi. Sanin kowa ne kuwa, ba a samun shiga jami'a cikin sauƙi sai da kiredit a Turanci, ko da Jami'ar Tarayya ta Dutse ce, wadda aka kafa a 2011. Haka nan ma'aikacin gwamnati, in bai iya tsara wasiƙa ko rahoto ba, ƙarin girma yakan yi masa nisa.

Wasu suna ɗora laifin a kan lalacin yara, wasu a kan malamai. Amma akwai wani fannin ilmi wanda ya nuna cewa kurakuran Bahaushe a Turanci ba haka kawai suke faɗowa ba. Suna da tsari, kuma tushensu yana cikin ginin Hausa kanta. Wannan fanni shi ne ilmin harsuna, watau binciken yadda kowane harshe yake tsara sautinsa da kalmominsa da jimlolinsa da ma'anarsa. Masana sukan ɗauki littafin darussan Ferdinand de Saussure, mutumin Suwizalan, wanda aka buga a 1916 bayan rasuwarsa, a matsayin harsashin fannin a wannan zamani.

ASALI DABAM-DABAM

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne, Hausa da Turanci ba dangin juna ba ne. Turanci ɗan uwan Jamusanci ne, sa'an nan ya kwashi kalmomin Faransanci masu ɗimbin yawa bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Hausa kuwa tana cikin harsunan Cadi, reshen babban gidan da ya haɗa da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya daidaita wannan rabo a littafinsa na 1963, ya yi zaman bincike a ƙasar Kano tun yana saurayi.

SAUTI

Turanci yana da haruffa 26, amma sautukan da Baturen Ingila yake furtawa sun kai wajen 44: baƙaƙe 24, wasula 20. Hausa tana da wasula 5, kowane da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, "ai" da "au". Saboda haka kunnen Bahaushe yakan ji "cat" da "cut" da "cart" kamar abu ɗaya. Har wa yau, da leɓɓa biyu muke furta "f", ba mu raba ta da "p". Shi ya sa "pan" da "fan" suke rikita mu. Ba mu da "v", ba mu da "th".

Ginin gaɓa ma ya bambanta. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, alhali Turanci yana jera uku, kamar a "street". Idan muka ari kalma sai mu cusa wasali mu raba su. Ta haka "bread" ya zama burodi, "driver" ya zama direba, "brake" ya zama birki. Wannan ba jahilci ba ne, dokar harshe ce take aiki.

Bugu da ƙari, Hausa da karin sauti take rarrabe ma'ana. Wuyan da ake rataya laya da wuyar da ake sha, hawa da saukar murya ne suka raba su. Turanci kuwa da nauyin gaɓa yake aiki: "record" in an danna gaɓar farko suna ne, in an danna ta biyu aikatau ne.

KALMA DA JIMLA

A nan akwai wurin da harsunan biyu suka yi daidai. Dukansu suna fara jimla da mai aiki, sa'an nan aikatau, sa'an nan abin da aikin ya faɗa wa. Amma a Hausa lokacin aiki yana jikin wakilin suna: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. A Turanci aikatau ne yake sake kama: "go", "went", "gone". Ɗalibin da bai lura da wannan ba yakan bar aikatau yadda yake ko da jiya aka yi aikin.

Akwai kuma jam'i. Mukan ce shawarwari, labarai, kayayyaki, don haka sai hannu ya rubuta "advices", "informations", "equipments", alhali Bature ba ya ƙirga waɗannan. Kuskure ne wanda ya cika fayil-fayil na ofisoshinmu. Haka nan kalmar "ji" ita kaɗai ta ɗauke nauyin sauraro da shaƙa da ɗanɗano da fahimta, Turanci kuwa kowanne da kalmarsa. In aka tambayi Bahaushe, "Ba ka gan shi ba?" sai ya ce "I", yana nufin bai gan shi ba. Bature "no" zai ce a nan. Wannan ɗan bambanci yana iya juya shaida a gaban alƙali.

Kada mai karatu ya zaci Turanci ya fi Hausa wuyar gini ko daraja. Baturen da yake koyon Hausa shi ma yana shan tasa wuyar. Kalmarsa ɗaya, "you", mu mun raba ta uku: kai, ke, ku. Kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, jam'inmu kuma iri-iri ne, ba ƙarin "s" kawai ba. G. P. Bargery ya yi shekaru yana tattara kalmomi kafin ƙamusunsa ya fito a 1934.

ABIN YI

Kayan aiki suna nan. M. K. M. Galadanci ya buga littafin nahawun Hausa a 1976, Paul Newman ya fito da nasa babba a 2000, Jami'ar Bayero ta Kano kuma ta buga Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da ya rage shi ne malamin Turanci da malamin Hausa su daina zama kamar kishiyoyi a makaranta ɗaya. In za a koyar da "p" da "f", a fara nuna wa yaro inda leɓɓansa suke a Hausa. In za a koyar da lokutan aikatau, a jera su kusa da namu a kan allo.

Ɗalibi da ma'aikaci kuwa, kowa ya keɓe ɗan littafi yana rubuta kuskuren da aka gyara masa, ya tambayi kansa wace dokar Hausa ce ta haifar da shi. Zai tarar ba su wuce iri kaɗan ba, su ne suke ta maimaituwa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya san ginin harshen da ya sha a nono, shi ne ya fi saurin gane ginin harshen wani.